Ranar da kwamfuta goma sha biyu suka mutu tare

Ko da zan manta da duk wuraren da na yi aiki, ba zan manta da wata Asabar a Kwamba ba. A lokacin ina kula da kwamfutocin wata cibiya da ɗalibai ke zuwa gwajin jarrabawa. Mai wurin wata Hajiya ce, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ba ta ɗaga murya sai dai ta ɗaga gira.

Kwamfuta talatin gare mu. Goma sha takwas Windows ne a kansu, goma sha biyu kuma tsofaffi ne da na sa musu Linux, tsarin da bai kai Windows nauyi ba, don su ja numfashi. Kullum sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sharewa, ina kashewa, ina kunnawa. Da na gaji sai na samo wata manhaja wadda daga kwamfuta ɗaya za ka ba sauran umarni su bi.

Kwana huɗu na yi ina girka ta. Linux ba su ba ni wahala ba, layi biyu na rubuta suka karɓa. Windows kuwa sai da na bi kowace na buɗe mata hanyar karɓar umarni. Da na zo kan kwamfutar Hajiya ta kanta, ƙirar Mac, sai kwamfutar ta nemi kalmar sirri.

"Hajiya, a ɗan sa min kalmar sirri."

"Injiniya, tawa ba ta kai ƙara wurinka ba. Ƙyale ta."

Na ƙyale ta, ina tausayin rashin wayewarta a zuciyata. Sannan na tsara cewa kullum da ƙarfe ɗaya, lokacin hutu, kowace kwamfuta ta share aikin safe ta sake tashi. Na gwada a kan Windows guda, ta yi. Na ce shi ke nan.

Ranar Asabar wata makaranta daga Diko ta kawo ɗalibanta a karon farko, shugabansu da kansa ya rako su. Idan wurin ya yi masa, zai riƙa kawo su duk mako. Ƙarfe ɗaya na yi, kwamfutoci goma sha takwas suka sake tashi da kansu. Na kalli shugaban don ya lura. Ban kalli layukan baya ba, inda na Linux suke.

Ɗaya da rabi aka fara gwaji. Ƙarfe biyu daidai, kwamfuta goma sha biyu suka yi baƙi a tare. Kowa ya ɗaga kai ya dubi fanka. Fanka tana juyawa. Wata yarinya ta ce, "Malam, na kai tambaya ta arba'in." Kwamfutocin suka dawo tsaf, an share komai, kamar yadda na umarta.

Abin da ya faru shi ne, ban taɓa saita agogon na Linux a kan lokacin Najeriya ba. Suna baya da awa ɗaya tun ranar da na girka su. A wurinsu yanzu ne ɗaya ta yi.

Shugaban ya ce, "Wutar ce ko?"

Da na ce e, da an wuce wurin. Hajiya ta ɗaga gira tana jira.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wuta ba ce. Ni ne."

Hajiya ta aika aka sayo wa yaran awara da ruwan sanyi, goma sha biyun suka sake daga farko, ni kuma na tsaya a bayansu kamar mai gadi. Da za su tafi shugaban ya ce zai dawo, tunda aƙalla a nan an san mai laifi. Hajiya ba ta kore ni ba. Ta dai ba ni agogon hannunta, na bi kwamfuta talatin ina dubawa, tana biye da ni.

Yanzu ɗaruruwa nake turawa umarni a wurin aikina na Abuja. Amma tun daga ranar na gane cewa manhaja ba ta gyara wa mutum sakaci, yaɗa shi take yi. Kafin in tura wa duka, sai na gwada a kan kowane iri, na tashi na je na gani da idona.