Gangaren Malali da Tseren Hanyar Jos

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta ranar da aka zaɓi 'yan tseren keken jiharmu a kan hanyar Jos ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne, ina saurayi, ina aikin walda a wani gareji a Abakpa, keke kuma ya shiga raina har ba na jin kira.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba na tsoron kowa. Tudu ne matsalata. A gwajin shekarar da ta gabata, da muka iso wani dogon hawa bayan Pambeguwa, ƙafafuna suka mutu, numfashi ya ƙare, na sauka ina tura keke, motar alƙalan tsere tana bi na a baya a hankali. Da na dawo, maigidana na gareji ya ce, "Na gaji da ba ka hutun da ba ya haifar da komai. Bana in ba a ɗauke ka ba, ka jingine keken nan ka riƙe sana'arka." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi tseren keke lokacin yana soja. Na kai masa kukana a gidansa na Unguwar Sarki. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ina kake atisaye?" Na ce titin Zariya, in je in dawo. Ya ce, "To ai abin da ƙafarka ta riga ta iya kake ta koya mata. Gobe bayan asuba ka same ni a Malali."

Akwai wata hanya a can da ta gangara zuwa bakin kogi. Kawu ya tsaya a sama ya ce, "Sauka ƙasa ka hawo da ƙarfi, a zaune kan sirdi. Kada ka miƙe sai ka zo daidai mangwaron can. In ka iso, ka juya ka gangara ba feda, ka huta, ka sake." Hawan farko ina murmushi na iso, don tudun bai kai rabin wanda ya kayar da ni ba. Kafin rana ta fito sosai ina durƙushe a gefen hanya ina amai. Kawu ya miƙo mini ruwa ya ce, "Yau ka san inda ƙarfinka ya tsaya. Jibi mu matsar da shi gaba kaɗan. Gobe kada ka taɓa keke."

Haka muka yi ta yi har damina ta sauka. Wata dattijuwa mai ƙosai a saman tudun ta gaji da kallona, ran nan ta ce, "Ɗan nan, wai me ka yar a ƙasan can da kullum ba ka samunsa?" Maganar ma har ta kai kunnen mahaifiyata, aka ce mata an ga ɗanta yana kai da kawowa bakin kogi shi kaɗai, gara a nema masa addu'a. Sai da Kawu ya je da kansa ya kwantar mata da hankali. Ni dai abin da na sani, mangwaron da a da nake isowa ina ganin duhu-duhu, yanzu ina wuce shi da sauran numfashi.

Ranar gwaji an yi ruwa da safe, kwalta ta jiƙe. Muka tafi a dunƙule har gindin hawan nan. Nan ne bara na sauka ina tura keke. Amma da cinyoyina suka ɗauki zafi, sai na ji zafin da na sani ne, na san kuma ba nan ƙarshena yake ba. Na sauya giya, na zauna daram, na riƙe numfashi daidai da feda. Na fara wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, har wani dogon yaro da ya saba cinye mu duka. Kusa da sama na miƙe tsaye na taka da duk abin da ya rage mini. Da na waiwaya, ba kowa kusa da ni.

Dogon nan ya kamo ni a shimfiɗar ƙarshe, ya riga ni da tsawon taya. Na zo na biyu. Da mai horarwa ya zo kiran sunayen waɗanda aka ɗauka, ya nuna ni ya ce, "Wannan shi za mu riƙa sa wa gaba in an zo tudu." Sai ga Kawu ya iso. Ya riƙe hannuna yana zagawa da ni cikin mutane, duk wanda ya gani sai ya ce masa, "Ɗan yayata ne."

Na yi wa jiharmu tsere shekaru da dama bayan haka, amma ba ranar da nake alfahari da ita kamar wannan. Abin da ta koya mini shi ne, in abu ya kayar da kai, kada ka kewaye shi. Ka nemi ƙaraminsa kusa da gida, ka yi ta komawa kansa, kana hutawa kana sakewa, har ranar da za ka gamu da babban bai zama baƙo a wurinka ba.