Rumfar Baba da Birnin Koguna Biyu

A shekarar da Turawa suka sauke tutarsu yayana ya dawo garinmu Tamale, a arewacin Gana. Tun lokacin yaƙin Bama ya shiga soja, har mun fitar da rai. Ashe bayan yaƙi wani hafsansu Bature ne ya ɗauke shi kuku, suka wuce ƙasar Siyam, inda Baturen ya samu aiki a kamfanin katako. Duk waɗannan shekaru ni ke riƙe da rumfar hatsin mahaifinmu a kasuwa, ni ke zuwa ƙauyen Gbalahi sayen dawa da masara. Baba ya tsufa, kowa ya san ya kusa miƙa rumfar, kuma ban taɓa kawo wa raina za a ba wani ba ni ba.

Sai aka fara zaman la'asar a zaurenmu na unguwar Bulpiela. Yaya ya miƙe ƙafa, ya ɗauko labarin garin da ya zauna, wai shi Nakon Sawan, wai ma'anarsa birnin aljanna. Na ce a raina, to me ya fito da kai? Ya ce koguna biyu ne ke gangarowa daga arewa su haɗu a gaban garin, ɗaya ja, ɗaya kore-kore, su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya su nufi babban birnin ƙasar. A nan ake tara gumaguman katako da giwaye suka jawo daga daji, a ɗaure su, a kora su bisa ruwa. Jiragen shinkafa kuwa sai ka taka wannan ka hau wancan. Akwai masu gidaje a kan ruwa, can ake haihuwarsu, can suke tsufa. Mu da matanmu ke kwana a bakin rijiya da rani, ka ga yadda bakin mutane ke sakewa.

Bai tsaya nan ba. Akwai dutse a bayan gari da ɗakin bautarsu a ƙololuwa, in ka hau kana hango tafki mai kadoji da gonakin shinkafa iya ganinka. 'Yan Sin ne ke riƙe da kasuwar tun kakanni, shekara-shekara su fito da wani dogon macijin ƙyalle suna rawa da shi a titi.

Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye ba. Ba labarin ne ya dame ni ba, fuskar Baba ce. Tsohon bafatake ne, ya sha kai goro daga Salaga zuwa Kano da jakuna, kuma a wurinsa wanda bai yi tafiya ba bai gama zama mutum ba. Ya riƙa tambayar Yaya da me suke auna shinkafa, wa ke yin dillanci, ina baƙo ke sauka. Ni da nake kawo masa labarin kasuwa kullum, kai kawai yake gyaɗa mini. Ran nan na sako zancen zuwana Ankara, babban birnin ƙasarmu, kallon bikin 'yancin kai, ban kai tsakiya ba ya ce in miƙo masa buta.

A gidanmu ba a miƙa rumfa da baki. Akwai buzun rago da Baba ke zama a kai, duk wanda ya shimfiɗa wa buzun a gaban 'yan kasuwa, shi ne mai rumfa. Wata safiya ya ce in riƙe masa hannu mu tafi kasuwa. Ni na ɗauko buzun, na yi wanka, na sa rigar Juma'a. Da muka isa ya karɓa, ya karkaɗe, ya shimfiɗa, ya kira Yaya.

Na haɗiye abin har muka koma gida, sannan na durƙusa na tambaye shi laifina.

"Ba ka da laifi," in ji shi. "Wanda ya ga wannan ruwa, in ba a ɗaure shi da wani abu ba, zai koma. Kai kuwa ba inda za ka je."

Washegari da asuba na ɗauki buhuna na nufi Gbalahi, sayo wa Yaya dawa.