Wuyan Tulun da Na Ɗauko a Kufai

Akwai wani yawon buɗe ido da na taɓa zuwa a wani ƙauye da ke bayan Gashuwa, wanda ba zan manta da shi ba har ranar da za a lulluɓe ni. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga fasasshen tulu a gefen hanya sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Nguru, kuma ina fama da cutar son tsofaffin kaya. A falona akwai wata kanta da na cika da tarkace, su kwabo mai huji, da guntun takobi mai tsatsa, da wani akushi da ya tsage. Maiɗakina tana kiran wurin bolar Malam. Ni kuwa duk baƙon da ya shigo sai na tsare shi da bayani, ko ya so ko bai so ba.

Ina da wani aboki ɗan ƙabilar Bade, mai sana'ar tattasai a Gashuwa. Shi ya ba ni labarin wani kufai kusa da ƙauyen mahaifiyarsa, tsohon gari ne da mutane suka tashi daga cikinsa bayan kogi ya sauya hanya ya riƙa cinye musu gidaje. Ya ce har yanzu ana ganin ragowar ganuwa da ramukan rini na karofi. Ai kuwa ban bar shi ya huta ba, sai da muka sa rana. Ana yin hutun makaranta, cikin bazara, na hau mota na same shi, muka ƙarasa ƙauyen a kan babur ɗinsa.

Sai an haye ruwa ake isa kufan. Wanda ya haye da mu wani dattijo ne masunci, siriri, yanar ido ta rufe masa idanu har sun yi fari. Da na ga haka na raɗa wa abokina cewa ni fa ban iya iyo ba. Ashe kunnen tsohon garau yake.

"Wushe, Malam, shiga abinka," in ji shi, da irin gaisuwar mutanen yankin. "Ruwan nan na san shi kamar tsakar gidana."

Haka ya riƙa tura kwalekwalen da gora, yana ratsa ciyawar kacalla ba tare da ya yi kuskure ko sau ɗaya ba. Balbela ta yi fari a bakin gaɓa, kirinjijiya na tashi garke-garke, ga wani zalɓe a tsaye kamar an ba shi gadi. A tsakiyar ruwa tsohon ya ce a wancan garin aka haife shi. Na ce masa to madalla, na ci gaba da ɗaukar hoton tsuntsaye. Ni da ake biya albashi don in koyar da tarihi, ga tarihi na tuƙa ni, amma ko tambaya ɗaya ban yi masa ba.

Da muka haye ya ce mu je mu gani, shi zai zauna ya ɗinke tarunsa. Muka zaga ganuwar, muka leƙa ramukan karofi, muka ci soyayyen kifi a gindin wata goriba. Can kusa da wata tsohuwar tsamiya na hangi wuyan wani ƙaramin tulu ya leƙo daga ƙasa, da zane mai kyau a jikinsa. Wurin shafal yake, babu tudu babu komai. Na durƙusa na ce wa abokina ya ɗauke ni hoto, sannan na kama na ja. Sai ji na yi ƙas, wuyan ya ɓalle a hannuna, sauran ya tsaya a ƙasa.

"Malam, da ka bar musu kayansu," in ji abokina.

"Su wa?" na ce. "Garin da ba kowa?"

Na tura ƙasa da ƙafa na rufe ramin, na jefa wuyan tulun a jaka. Da na koma gida na ba shi wuri na musamman a kantata, ina gaya wa baƙi ya kai shekara ɗari biyu. Ƙarya ce tsagwaronta, a kaina na ƙirƙiro.

Bayan kamar kwana goma abokina ya kira ni. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Malam, tulun nan yana wurinka?"

Na ce yana nan, lafiya? Sai ya kwashe labarin da ya ji a bakin kawunsa ya faɗa mini. Ashe tsohon nan da ya haye da mu 'ya ɗaya Allah Ya taɓa ba shi, kuma ƙyanda ta ɗauke ta tana 'yar shekara bakwai, a shekarar ƙarshe kafin a tashi daga garin. Kusa da tsamiyar aka binne ta. Da ya ga ruwan sama na shafe kabarin, sai ya kafa ɗan tulun da take bin uwarta kogi da shi a wajen kanta. Duk Juma'a yakan haye ya lalubo tulun da hannu, ya zauna ya yi mata addu'a. Juma'ar da ta wuce ya laluba bai ji komai ba. Tun daga ranar kullum sai ya haye, yana rarrafe a rana yana shafa ƙasa. Bai zargi kowa ba, cewa yake ƙila shanu ne suka take.

"Ga shi shamuwa ta iso," in ji abokina. "In ruwa ya sauka ciyawa ta rufe wurin, shi ke nan ya rasa ta."

 Kada in yi muku ƙarya, abin da ya fara zo mini shi ne yadda zan tsira da mutuncina. Na ce zan naɗe shi a leda in ba direba ya kai Gashuwa, shi kuma abokina ya je ya ce wa tsohon a hanya ya tsinta. Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa tana jina.

"Da hannunka ka ɗauko, Malam," ta ce. "Da hannunka za ka mayar."

Washegari da safe na kama hanya. Mun sami tsohon a bakin ruwa yana shirin hayewa, gwiwoyinsa duk sun ƙuje. Na durƙusa a gabansa, na ce, "Baba, ba shanu ba ne. Ni ne." Na sa masa wuyan tulun a hannu.

Ya daɗe yana bin zanen da babban yatsansa. Na jira faɗa, har na fi son ya zage ni, amma bai yi ba.

"Shi ne," ya ce. "Uwarta ce ta gina mata." Sannan ya ce, "Ba ka sani ba ne, ɗana. Ku shiga mu je."

Kalmar ɗana ɗin nan ta fi mini zafi a kan mari. Har muka haye ban ɗaga kai na kalli tsuntsu ko ɗaya ba.

A can kuma wata matsalar ta taso. Iska da awaki sun shafe wurin, ni kaina na kasa gane inda na ja shi. Tsohon ya ce da yana da ƙarfi taku goma sha biyu ne daga tsamiya, amma yanzu takunsa ya gajarce, in ya ƙirga sai ya faɗa wani wuri dabam. Muka yi ta tonon banza da yatsu har rana ta take. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.

Sai abokina ya tuna da hoton. Ya zaro wayarsa, ga ni nan a durƙushe na washe baki kamar wanda ya ci gasa, ga tsamiya a bayana, ga wani suri a hannun hagu. Ya riƙa matsawa baya da gaba yana duba waya yana duba wurin, har suri da tsamiya suka daidaita yadda suke a hoton. Ya ce in durƙusa a nan. Na durƙusa na fara share ƙasa a hankali. Ban yi nisa ba yatsana ya taɓa wani abu mai kaifi.

Na kamo hannun tsohon na ɗora a kai. Ya share gefen da kansa, ya ɗauko wuyan ya juya shi sau biyu, sai ga shi ya zauna daram a kan karayar. Ya dafa shi da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa.

"Ga ni, uwata," ya ce a hankali. "Na daɗe ban zo ba."

Nan na fashe da kuka, ƙato da ni, ban ji kunyar kowa ba. Muka yi mata addu'a tare, muka kwaɓa laka muka liƙe karayar, muka kewaye wurin da ƙaya. A hanyar dawowa na yi masa tambayoyin da ya kamata in yi tun farko, ya nuna mini inda gidansu yake da inda ake cin kasuwa. Muna isa gaɓa yayyafi ya fara.

Damina biyu bayan nan abokina ya sanar da ni rasuwarsa. Hoton yana nan a wurina, kuma duk lokacin da na ji kaina ya fara girma sai in buɗe in kalli wannan dariyar tawa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, wurin da na je kallo gidan wani ne, ko da babu bango ko ɗaya a tsaye, kuma abin da nake kira kayan tarihi wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani. Tun daga nan, duk inda na je baƙunta, sai na tambayi masu wurin kafin in miƙa hannu.