Ruwan bagaruwa a ƙafar Inna

Da safen nan na tarar da Inna ta tsoma ƙafarta mai gyambo cikin ruwan bagaruwa. Ga ciwon suga, amma ko taɓa maganin likita ba ta yi ba.

"Inna, maganin asibitin fa?"

"Ba kai ka ce ƙanwarka ta gwada a jami'a, bagaruwa tana kashe ƙwayoyin cuta ba?"

"A farantin ɗakin gwaji ta gwada, Inna, ba a jikin mutum ba."

"Cuta ai cuta ce, ko a faranti ko a ƙafa."

Kullum ina auna gyambon in rubuta. Yau ya ƙara faɗi. Da ma ban ba ta labarin gwajin nan ba.

Wanda ya taɓa lallashin mahaifiyarsa ta koma asibiti, don Allah yaya ya yi?