Jami'a Zai Zaɓa ko Gwiwata?

Jikana Sadiƙu ya ajiye waya ya ce ya gama shawara: a Zariya zai karanta injiniyanci, ba Legas ba.

Tun bara yake cika mini kunne da Legas, wai can ne fannin da yake so. Na tambaye shi me ya canja.

Ya ce, "Tsoho, in na tafi Legas wa zai goya ka a babur zuwa Juma'a da wannan ciwon gwiwar taka? Zariya kuwa mota ɗaya ce zuwa nan Funtua."

Na ce, "Ja'iri, jami'a za ka zaɓa ko gwiwata?"

Dariya kawai ya yi.

Har yanzu haushi nake ji. Amma tun rasuwar kakarsa, shi kaɗai ke yi mini sallama a gidan nan.

Jama'a, in matsa masa ya tafi Legas, ko in yi shiru?