Ɗanmalam da Shanun Sarauniya

Shekara ashirin da biyu Ɗanmalam ya yi yana koro shanu da ƙafa daga Tuboro zuwa Garwa. Ruwa bai taɓa cinye masa ko maraƙi ba. Masu tare hanya ne suka raba shi da daji, a shekarun nan da har yau in an tuna su sai hira ta tsaya. Ya dawo gari, ya kafa teburin nama a kasuwa, ya riƙe abin da daji ya bar masa: gwiwa mai ciwo da baki mai magana.

Kusa da teburinsa akwai shagon Marcel, tsohon sajan soja da ake kira Sarzan, mai gyaran rediyo. Kowace Lahadi bayan la'asar Marcel kan kunna telebijin, mahauta da dillalai su cika shagon don kallon wani shiri mai dogon zango: wata sarauniya mai tsuntsun wuta tana yaƙi da rundunar mutanen dutse. Da Faransanci ake yi, Marcel ke fassarawa. Ɗanmalam bai damu da fassarar ba. Kowa na kallon sarauniya, shi yana kallon bayan fage, inda wani tsoho mai kunne ɗaya ke jan shanun guzurin runduna.

"Ku dubi yadda ya riƙe sanda. Wannan ya san aiki. Sauran duk 'yan ado ne."

Ba ya iya minti biyu shiru. In sarauniya ta yi zango, ya ce wurin ba ciyawa. In ta ƙetare kogi, ya ce ba nan ne mashigi ba.

Mako ɗaya kafin babban yaƙi, aka nuna mutanen dutse sun tare tsakanin rundunar sarauniya da kogi. Marcel ya zana yadda yaƙin zai kasance da alli a jikin ƙofa: mahaya ta dama, maharba a kan tudu, tsuntsu daga sama.

"Sarzan, goge wannan zanen," in ji Ɗanmalam. "Kwana biyu ke nan ba a shayar da shanun nan ba, ina lura. Mai Kunne Ɗaya da gangan yake yi. Saniya mai ƙishi in ta ji ƙamshin ruwa, ko dutse ne a gabanta sai ta bi ta kansa. Sakinsu zai yi."

"Mahauci, ka taɓa riƙe bindiga?" in ji Marcel.

"Kai ka taɓa tare bijimi ɗari uku a bakin Binuwai?"

Idrisa dillali ya ce, "To in ba a saki shanun ba fa, Baba?"

"In ba a sake su ba, ba ku ƙara jin muryata a cikin shagon nan."

Shago ya ɗauki sowa. Marcel ya sa ya maimaita a gaban shaidu.

A makon nan Ɗanmalam bai ci abinci da daɗi ba. Matarsa Karimatu ta ce ko ranar da zai bi ta dajin 'yan fashi bai yi irin wannan zagayen tsakar gida ba. Shi kuwa ya san abin da ya jefa: tun da ya bar daji, bencin shagon Marcel ne kaɗai inda ake gardama da saninsa.

Lahadi ta zo. Mahaya suka fito ta dama, maharba suka hau tudu, tsuntsu ya sauko ya narkar da mutanen dutse kamar kitse a kasko. Aka gama, aka yi biki. Ba saniya, ba Mai Kunne Ɗaya, ko ƙahonsu ba a nuna ba.

Ɗanmalam ya buɗe baki, ya tuna, ya rufe.

Lahadi biyu yana zuwa ya zauna, hannu a haɓa. Sarauniya ta yi zango a kwari ana tsakiyar damina, jijiyar wuyansa ta tashi, amma bai ce uffan ba. Mutane suka fara hamma. Idrisa ya yi barci har da minshari. Marcel na fassara yana waiwaye, ba mai ƙaryata shi, har shi ma ya ji maganar ta fita ransa.

Lahadi ta uku, Ɗanmalam ya tarar da telebijin a waje, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, an jawo masa doguwar waya.

"Zafi ya yi yawa a ciki," in ji Marcel, yana kallon wani wuri. "Kuma alkawarinka na cikin shago ne."

Ɗanmalam ya gyara zama a hankali, ya dubi shaidu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya gyaɗa kai.

"To, da farko dai," ya ce, "wa ya shayar da shanun nan?"