Mawaƙiyar da Ke Samanmu a Abbasiya

A ƙarshen shekarar 2011 na bi mijina zuwa Alƙahira. Shi yana karatun hadisi, ni kuma na shiga ajin share fage na Larabci. Muka kama ɗaki biyu da falo a wani tsohon bene a Abbasiya, kusa da tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ban san kowa a unguwar ba. Matan ɗalibai Hausawa yawancinsu suna can unguwar Hayyin Ashir, sai ranar Juma'a nake ganinsu.

Kullum da hantsi, bayan mijina ya fita, sai wata murya ta fara daga hawan da ke samanmu. Babu kalma ko ɗaya a cikinta. Mace ce take hawa da murya tana sauka, ta sake hawa ta wuce inda ta tsaya ɗazu, har ta kai wani wuri siriri da ban taɓa jin ɗan Adam ya kai ba. Wani lokaci ta riƙa karkaɗa ta da sauri kamar ana zuba wake a tire. Da farko na ɗauka mara lafiya ce, har nakan yi mata addu'a.

Uwarta na fara sani. Ina tsaye a matakala ina waya da gida, sai wata dattijuwa sanye da lafaya irin ta matan Sudan ta tsaya, riƙe da ledar burodi, tana kallona har na gama.

"'Yar nan, daga wane gari?" ta ce da Hausa.

Na ce Zariya. Ta ajiye ledar ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce kakanta ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai je Makka, ya tsaya noman auduga a Sudan, bai ƙarasa ba, bai kuma koma ba. Mijinta direba ne, shi ya kawo su Masar, a nan ya rasu. Ashe a samanmu take zaune. Tun daga ranar nake ce mata Inna. Da na tambaye ta jikin mai ciwon da ke gidansu, ta yi dariya har da riƙe ƙarfen matakala. Ta ce ɗiyarta ce, lafiyarta lau, sana'arta ke nan.

Ɗiyar doguwa ce, baƙa, ta girme ni da shekaru masu yawa, saboda haka na riƙa ce mata Yaya. Hausarta a gauraye take da Larabci. Ita ta bayyana mini abin da ake kira opera: wasan kwaikwayo ne da ake yinsa gaba ɗaya da waƙa, ba lasifika, muryar mutum kaɗai za ta tsallake makaɗa ta isa kujerar ƙarshe. Ta ce muryoyin mata hawa-hawa ne, mafi sama ita ce soprano, a cikin soprano ɗin ma akwai wadda ta fi kowa tsini da gudu, ita ake kira koloratura. Tata ke nan. Wata malamar kiɗa ce ta ji ta tun tana firamare, ta yi ta sintiri gidansu har mahaifinta ya yarda ta shiga makarantar kiɗa.

Ba ta shan ruwan sanyi ko a tsakiyar zafi. Ba ta cin yaji, kuma in zan soya tattasai sai na rufe tagar kicin don kada ya hau mata. Ranar da za ta yi wasa ba ta magana da kowa, har uwarta. Da wannan wahalar duka, shekara da shekaru a cikin 'yan amshi take, ko a ba ta ɗan matsayin baiwa ko ƙawar amarya, ta yi waƙa ɗaya ta koma bayan labule. Ta taɓa gaya mini cewa wani mai shirya wasa ya ce mata muryarta ta gimbiya ce, amma 'yan kallo ba za su yarda da gimbiya mai launinta ba. A kicin ɗinmu ta faɗa, tana yanka albasa, ba ta ko ɗago kai ba.

Ni kuwa zumuncin nan ya riƙa damuna. Abin da na taso na ji game da muryar mace a gaban maza daban ne. Matan Hayyin Ashir da suka ji labari suka fara tambayata ko har yanzu ina hawa wurin 'yar waƙar nan. Na kai wa mijina maganar. Ya ce, "Maƙwabciya ce, tana da haƙƙi a kanmu. Malamai sun yi saɓani a kan waƙa, amma ba su yi saɓani a kan maƙwabtaka ba." Bai ce in je kallo ba, bai ce kada in je ba. Na ci gaba da hawa, zuciyata rabi da rabi.

A farkon 2012 wata ƙungiyar wasa mai zaman kanta ta ba ta babban matsayi, karo na farko a rayuwarta. Wadda aka saba ba wa ta bar ƙasar saboda rashin kwanciyar hankali. Matsayin wata budurwa ne da hankalinta ke gushewa a ƙarshen wasa, ta yi doguwar waƙa ita kaɗai, ta rufe da wannan wurin na can sama. Yaya ta sauko ta gaya mini, tana dariya hawaye na zuba. Inna ta dafa asida, tuwon mutanen Sudan, ta aiko mana. Watanni ta yi tana shiri, har na haddace inda take tsayawa ta ja numfashi.

Ana sauran 'yan kwanaki a yi wasan, rikici ya ɓarke a unguwarmu. Tun safe ake jin ihu da ƙarar harbi daga wajen dandalin unguwar. Inna ta fita karɓo maganin hawan jininta kafin abin ya yi tsanani, ba ta dawo ba. Wayarta na kan tebur. Da la'asar hayaƙi mai sa hawaye ya fara shigowa layinmu, muka rurrufe tagogi da jiƙaƙƙun tawul. Sai na ji takun Yaya a matakala. Na buɗe ƙofa na riƙe mata hannu.

"Yaya, ki bari maigidana ya dawo ya je. Ki tuna maƙogwaronki."

"Uwata ce," ta ce, ta zame hannunta.

Daga tagar falo na hango ta cikin farin hayaƙi, mayafi a hanci, tana leƙa shaguna. Can sai ta cire mayafin ta fara ƙwala wa uwarta kira da dukan ƙarfinta. Mutumiyar da ko dariya ba ta yi da ƙarfi. Wannan kiran ne Inna ta ji daga cikin wani shagon guga da aka ja ƙofarsa ƙasa aka ɓoye mutane. Suka dawo tare, Inna lafiya ƙalau, Yaya tana tari kamar ƙirjinta zai tsage.

Washegari muryarta ta dushe. Likitan maƙogwaro ya ce ta huta, kada ta yi wasan. Ta tambaye shi ko akwai allurar da za ta saukar da kumburin, ya ce akwai, amma ba ya ba da shawara. Ta sa aka yi mata. Inna ta roƙe ta, ni ma na roƙe ta. Ta ce mana cikin raɗa, in ta bar wannan, ba za a sake kiranta ba, shekarunta sun ja.

Na je wasan. Da rana aka yi shi saboda halin da gari ke ciki, ni da Inna muka zauna a baya. Ban fahimci kalma ɗaya ba, da Italiyanci ake yi. Amma da ta fito cikin farar riga ta buɗe baki, na kasa yarda ita ce matar da ke aron gishiri a wurina. Muryar ta cika ɗakin, tana gudu tana juyi, mutane suka yi tsit. Har ta kai waƙar ƙarshe lafiya. Na san wurin, na san inda za ta ja numfashi ta hau. Ta ja, ta buɗe baki, sai wata 'yar ƙara mai kaushi ta fito, sannan iska kawai. Makaɗa suka ƙarasa su kaɗai. Ta tsaya hannunta a sama har aka ja labule. An tafa mata, an tafa sosai, amma irin tafin da ake yi wa wanda ya faɗi ya tashi. Inna ba ta gane abin da ya faru ba sai da ta dubi fuskata.

Sauran kwanakin wasan wata yarinya ce ta yi, wadda aka ajiye don ko-ta-kwana. Likita ya ce jini ya taru a igiyar muryarta, ya hana ta magana gaba ɗaya na makonni. Benen ya yi shiru da hantsi. Nakan hau da shayi mai ɗumi mu zauna, ni ina tsintar shinkafa, ita tana kallon bango. In tana son abu sai ta nuna da hannu. Wata rana Inna ta jawo ni kicin ta ce, "Da na mutu a shagon nan da ya fi mini." Na ce ta daina faɗin haka, kowa da abin da Allah ya rubuta masa. Ta ce ta sani, amma ita ce ta manta waya.

Daga baya aka yi mata aiki, muryar ta dawo, har ta fi yadda take a da zaƙi a tsakiya. Saman ne bai dawo ba. Kullum ina jinta tana hawa a hankali, ta kai wani wuri ta tsaya, ta koma ƙasa ta sake. Wani lokaci sai in ji an rufe murfin fiyano, abin kiɗan da take gwaji da shi, da ƙarfi. A 2013 gari ya sake rikicewa, aka sa dokar hana fita, wasanni suka tsaya. Tsohuwar malamarta ta ce ta koyi matsayin masu murya ƙasa da tata. Ta gwada, aka ce muryarta ba ta da kaurin da ake so. Ta je gwaji wata ƙasar Turai, ta dawo bayan mako guda da kwalin cakulan, ba a ɗauke ta ba, mu kuma ba mu tambaye ta dalili ba. Daga nan ta fara waƙa a bukukuwan aure a manyan otal, da lasifika a hannu, mutane na cin abinci. Tana dawowa takan wuce ƙofarmu ba ta ƙwanƙwasa ba.

A 2015, muna shirin komawa gida, yarinyar nan da ta maye gurbinta ta zo gidan. A lokacin ta yi suna, an sake ba ta matsayin nan a babban ɗakin wasa, tana so Yaya ta koya mata waƙar ƙarshe. Na ɗauka za ta ƙi. Ta karɓa. Sai muryar nan mai tsini ta dawo samanmu, amma ba tata ba. Ina jin Yaya tana tsayar da ita, "La', min awwal," wato a sake daga farko. Wata rana yarinyar ta sauko tana kuka. Na hau na tarar da Yaya zaune gaban fiyano.

"Kin matsa mata da yawa, Yaya."

"Ta fi ni," ta ce. "Ko lokacin da nake da lafiya ta fi ni. Ina son ta yi kyau, kuma in ta hau wurin nan sai in ji kamar in rufe mata baki. Ki yi mini addu'a, ƙanwata, ban san zuciyata haka take ba."

Na zauna kusa da ita har aka kira azahar.

Ranar wasan an aiko mata da katin kujerar gaba. Ba ta je ba. Bayan magariba ta sauko wurina ta ce ta zo taya ni haɗa kaya. Muka zauna a ƙasa muna naɗe kofunan shayi da tsofaffin jaridu muna jerawa a kwali. Ta yi ta tambayata Zariya, ko akwai kogi, ko da gaske ne gidajen ƙasa sun fi sanyi. Can ta dubi agogon bango, kofi a hannunta. Na ga maƙogwaronta yana motsi, leɓenta a rufe. Waƙar ƙarshen nan take bi a zuciyarta.

"Yarinyar ta wuce wurin yanzu," ta ce. "In ta tuna ta sauke kafaɗa, ta samu."

Ba a jima ba wayarta ta fara ƙara. Ta ga sunan yarinyar, ta kife ta a kan tabarma, ta ce in miƙo mata wata jaridar. Sai da muka gama kwalin ta ɗauka ta fita matakala, na ji tana cewa, "Mabruk, ya binti," wato barka 'yata, da muryar da ba ta rawa.

Bayan mako biyu muka bar Masar. Inna ta rasu shekarar da ta biyo baya. Yaya tana nan a gidan ita kaɗai, tana koyar da 'yan mata waƙa, kuma na ji ana neman ta sosai. In mun yi waya takan tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, ta ba ni labarin tsadar gari da ciwon gwiwarta. Ta daina zuwa bukukuwan otal. Na taɓa tambayarta ko tana rerawa don kanta, ta ce wani lokaci, in tana wanke-wanke.